Anti, maganin farfaɗiyata zai nakasa mini jariri?

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗiyarki ce daga Argungu, shekarata 22. Ina da shekara 14 abin ya faro mini, da safe hannuna ya zabura, in ɗauki kofi ya suɓuce, daga baya na fara faɗuwa. An sha rubutu, an yi hayaƙi, sai da na kai 17 Baba ya kai ni asibiti a Sakkwato aka ce farfaɗiya ce, aka ɗora ni kan Epilim safe da dare. Yau shekara huɗu ban faɗi ba. Wata bakwai da aurena. Amma na yi ƙiba, gashina na zuba duk tsifa, hannuna na rawa in ina zuba shayi, al'adata kuma ta rikice, yanzu ma wata biyu ban gani ba. Wata ƙawata mai karatun jinya ta ce maganin nan yana nakasa jariri a ciki. Tun ranar na daina shan na safe, yau kwana biyar. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce in koma Tegretol, ya fi arha kuma ba ya sa ƙiba. Maigidana bai san farfaɗiya ce ba, Inna ce ta ce in ce masa maganin ciwon kai ne. Uwar mijina kuwa kullum sai ta ce "har yanzu shiru?" In daina ko in ci gaba?

Wa alaikumus salam ɗiyata.

Kafin ki ƙarasa karanta amsar nan, ki tashi ki ɗauko kwalin maganinki ki koma shansa yadda likita ya rubuta miki, safe da dare. Kada ki ninka wai don ki rama na kwana biyar ɗin da suka wuce, ki dai ɗora daga yau. Gobe da sassafe kuma ki sayi tsinken gwajin ciki ki gwada da fitsarin farko. Sauran maganar duk tana bayan waɗannan biyu.

Ƙawarki ba ta yi miki ƙarya ba, kuma ba zan lulluɓe miki ba. Sinadarin da ke cikin Epilim, wanda likitoci ke kira balfuret, shi ne mafi hatsari ga ɗan tayi a cikin magungunan farfaɗiya da aka saba bayarwa. A cikin jarirai 100 da iyayensu mata ba su sha komai ba, akan sami 2 ko 3 da aka haifa da wata tawaya a halitta, wannan haka yake a ko'ina. A cikin 100 da aka yi cikinsu uwa na shan balfuret, adadin yakan kai wajen 10. Tawayar da aka fi sani ita ce ta gadon baya, inda ƙashin bai rufe laka ba, a haifi yaro da ƙullutu a baya, wani lokaci ƙafafu ba sa aiki. Akwai tsagewar leɓe ko ganɗa, akwai matsalar zuciya, akwai ta yatsu da ta hanyar fitsarin ɗa namiji. Sannan akwai wadda ba a gani ranar suna, sai yaro ya tasa: tsakanin 30 zuwa 40 cikin 100 kan yi jinkirin tafiya ko magana, ko karatu ya riƙa yi musu nauyi, wasu kuma su sami galahanga. Yawan abin da uwa ke sha yana ƙara hatsarin, amma babu wani ma'auni da aka ce in an tsaya a kansa an tsira.

Maganin ba sabo ba ne, tun 1967 ake sayar da shi a Faransa, kuma an daɗe kafin a riƙa faɗa wa mata gaskiyarsa ɓaro-ɓaro. A 2018 Ingila da sauran ƙasashen Turai suka kafa ƙa'ida cewa ba za a ba macen da za ta iya ɗaukar ciki ba sai tana kan tsarin hana ɗaukar ciki, kuma an zaunar da ita an yi mata bayani. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da gargaɗi irin wannan. Mu nan sau da yawa yarinya kan fara shi tana 'yar makaranta, a yi mata aure, kati na hannun uba, kemis na bayar da ƙwaya, babu wanda ya tuna cewa wadda aka rubuta wa maganin jiya yau ta zama matar aure. Ba laifinki ba ne. Amma da aka fara maganar ranar biki ya kamata a koma wurin likitan da ya rubuta shi, kuma ina faɗin haka ne don iyayen da ke karantawa.

To me ya sa na ce ki koma sha, bayan duk wannan? Saboda abin da kika yi gudun gara ne za ki faɗa gidan zago. Ƙwaƙwalwar da ta yi shekara biyar tana samun magani a jini ba dare ba rana, in aka janye mata shi farat ɗaya, farfaɗiyar kan dawo, kuma wani lokaci ta dawo da ƙarfin da ba ta taɓa yi ba, jijjiga kan jijjiga, mutum bai farfaɗo daga ta farko ba ta biyu ta kama shi. Wannan kan kashe. In kuma da ciki, faɗuwar kanta na iya jawo ɓari, kuma lokacin da numfashin uwa ya sarƙe jariri ma ba ya samun iska. Na yi shekaru ina aikin jinya, kuma matan da suka fi tsaya mini a rai ba a ɗakin haihuwa na gamu da su ba, a ɗakin masu ƙuna ne. Akwai wata da ta bar maganinta sati biyu don kuɗi sun yanke, ta faɗi tana turara shinkafa, hannunta na dama ya shiga murhu, ba ta san ma ya shiga ba sai da kishiyarta ta jiyo ƙauri. Ke a Argungu kike, ƙasar shinkafa da gulbi. Ba sai na lissafa miki wuraren da mace ke tsayawa a yini ɗaya ba, bakin wuta, bakin rijiya, bayan mashin.

Idan tsinken ya nuna akwai ciki, kada ki ruɗe, kuma har yanzu kada ki daina. Gadon bayan jariri yana rufewa ne a cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace ke cewa "bari in ga ko jinin zai zo". In cikin wata biyu ne, wannan gaɓar ta riga ta wuce, barin maganin yau ba zai mayar da hannun agogo baya ba, sai dai ya ƙara miki hatsari na biyu a kan na farko. Abin yi shi ne ki isa gaban likita cikin satin nan, ba ki jira ranar awo ba. Ƙwaƙwalwar jariri tana ci gaba da ginuwa har ƙarshen ciki, don haka likita na iya ganin ya rage ma'aunin, ko ya rarraba shi, ko ya fara sauya miki a hankali. Za a sa ki kan folik asid, wato ƙwayar bitamin da ake ba masu ciki, sannan a yi miki hoton ciki na tsanaki wajen sati 18 zuwa 20, wanda kan nuna manyan matsalolin baya da zuciya. Ki riƙe kuma cewa in 10 cikin 100 sun sami tawayar halitta, 90 ba su samu ba.

Amma ni zuciyata ta fi ba ni cewa mai yiwuwa babu cikin. Shi kansa balfuret yana rikita sinadaran haihuwa a jikin wasu mata, ƙwai ya riƙa jinkirin fita, al'ada ta riƙa tsallake wata, musamman in ƙiba ta shigo. Idan haka ne, to Allah ya ba ki abin da mata da yawa ba su samu ba, wato lokacin shiri. Akwai magunguna biyu da bincike ya nuna sun fi aminci ga mai ciki, har hatsarin tawayar halitta a tare da su bai yi nisa da na macen da ba ta shan komai ba: lebetirasitam, wanda aka fi sani da Keppra, da lamotirijin, wanda ake sayarwa da sunan Lamictal. Sauyawar ba ta kwana ɗaya ba ce. Ana shigo da sabon kaɗan-kaɗan alhali kina kan tsohon, sai ya zauna a jiki, sannan a fara janye tsohon shi ma kaɗan-kaɗan. Abin kan ci watanni. A duk tsawon wannan lokaci bai kamata ciki ya shiga ba, kuma ya kamata ki riga kin fara folik asid mai miligiram 5 kullum tun kafin ki saki jiki.

Ba zan ce miki sababbin ba su da nasu hali ba, babu maganin farfaɗiyar da ba shi da shi. Keppra kan sa wasu saurin fushi da ƙuncin rai, mace mai haƙuri ta wayi gari abu kaɗan ta hau faɗa, wata kuma ta riƙa jin duniyar ta ishe ta. In kin ji haka ki faɗa wa likita, kada ki ɗauka halinki ne ya lalace. Lamotirijin kuwa abin tsoronsa ƙuraje ne, kuma hatsarin ya fi yawa idan aka haɗa shi da Epilim ko aka yi gaggawar ƙara shi, shi ya sa ake farawa da ɗan mitsitsi. Duk wanda ya fara sabon maganin farfaɗiya, cikin wata biyun farko ya ga ƙuraje sun feso, ga zazzaɓi, ga gyambo a baki ko idanu sun yi ja, wannan ba ƙyanda ba ce, ba kuma abin shafa man zafi ba ne. Asibiti a ranar. Akwai nau'in da fata ke saɓulewa kamar an zuba ruwan zafi. Ba kasafai yake faruwa ba, amma Tegretol da wasu tsofaffin magungunan farfaɗiya, fenobabiton da fenitoyin, duk suna iya kawo shi. Ga kuma tsada, don Keppra da lamotirijin sun fi tsofaffin kuɗi nesa ba kusa ba. Ki tambayi likita ko akwai na wani kamfani mai sauƙi, mai lambar NAFDAC, kuma in kin samu wanda ya karɓe ki ki tsaya a kansa. Maganin da za ki iya saye duk wata ba yankewa ya fi wanda za ki sha wata ɗaya ki rasa na biyu.

Yanzu mai kemis. Ban ce mugu ne ba, ya faɗi abin da ya sani, Tegretol ya fi arha kuma mutane da yawa na zaune lafiya a kansa. Abin da bai sani ba shi ne farfaɗiya ba iri ɗaya ba ce. Yadda kika kwatanta taki, ta faro a shekarun balaga da zaburar hannu da safe kafin faɗuwa ta biyo baya, ya yi kama da wani nau'i da Epilim ke riƙewa sosai, Tegretol kuwa yana iya tsananta shi. Ina zaton shi ya sa likitan Sakkwato ya zaɓa miki abin da ya zaɓa tun farko. Irin wannan nau'in kuma shi ne wanda ya fi yawan dawowa in an bar magani gaba ɗaya, ko da an yi shekaru ba a faɗi ba. Na san za ki ji ana cewa wanda ya yi shekara biyu lafiya ana iya yaye shi. Gaskiya ne ga wasu, a hannun likita, a hankali. Ban so ki sa rai da yawa cewa kina cikinsu. Ki tabbata kin ba likita labarin kofin nan da ke suɓucewa, kada ki ga kamar ƙaramin abu ne, da shi ake gane nau'in.

Tegretol yana da wani halin kuma da ya shafe ki kai tsaye. Yana zaburar da hanta ta riƙa ƙone wasu magunguna da wuri, shi da fenobabiton da fenitoyin. Ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sa wa a damtse duk suna raunana a tare da su, mace na ganin ta tsare kanta sai ga ciki. Har maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem yana rage wa ƙarfi. Epilim da Keppra ba sa yi wa tsarin tazara haka. Robar mahaifa da allurar wata uku kuwa suna aiki ko da wanne kike sha, sai dai allurar kan sa a ɗan jima kafin ciki ya samu bayan an daina, ke kuma ba dogon hutu kike nema ba. Ki faɗa wa ma'aikaciyar sunan maganinki kafin ta zaɓa miki.

Ƙiba da zubar gashi da rawar hannu, duka ukun sanannun halayen Epilim ne. Yana buɗe ciki, mutum ya riƙa jin yunwa. Gashin yakan dawo, rawar hannun kuma takan bi yawan ma'auni. Suna da ban haushi ga amarya, na sani, amma ba su ne masu kisa ba, kuma in an sauya maganin akasari sukan lafa. Waɗanda ba a kwana da su a gida su ne idanu su yi rawaya irin na ciwon shawara, ko amai da ciwon ciki mai tsanani da ya ƙi tsayawa, ko jiki ya riƙa yin tabon taruwar jini ba tare da an buge ba, ko dasashi na zubar jini, ko barci mai nauyi da ruɗewa. Illar hanta ta fi faruwa a watanni shida na farko kuma ta fi kama ƙananan yara, ke kin yi nisa da wannan, amma tunda za ki asibiti ki nemi a duba miki jini da hanta gaba ɗaya.

Saura magana mai wuya. Inna ta yi abin da ta yi ne don ƙauna da tsoro, ta san yadda mutanenmu ke gudun mai farfaɗiya, har a ƙi cin abinci kwano ɗaya da ita. Ba na zarginta. Amma dabarar ta kai ƙarshenta. Za ki yi watanni kina tsarin tazara, za ki riƙa zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato, kuɗin magani zai ƙaru, kuma lokacin sauya magani shi ne lokacin da faɗuwa ta fi yiwuwa. Wa ke kwana ɗaki ɗaya da ke? In abin ya zo cikin dare, mutumin da ke gefenki yana zaton ciwon kai gare ki, me zai yi? Zai ɗauko cokali ya tura miki a baki, ko ya danne ki, ko ya fita neman mai ruƙiyya, alhali abin da ake so ya kawar da abin da zai ji miki ciwo, ya sa miki abu mai laushi a ƙarƙashin kai, ya juya ki gefe, ya duba agogo, in ta wuce minti biyar ko ta sake dawowa ya nemi mota. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara ya ji daga bakinki kina zaune da hankalinki da ya gani da idonsa kina ƙasa.

Kada ki ɗauki nauyin nan ke kaɗai, don ba ke kika ƙulla ba. Ki je gida ki sami Baba, shi da ya kai ki asibiti tun farko ya nuna mutum ne mai fahimta. Shi ya kira surukinsa, ya ce mun yi kuskure da ba mu faɗa maka ba, ga yadda abin yake. Zai iya yin fushi, kuma yana da hakkin ya yi, ki bar shi ya huce. Bayan nan ki roƙe shi ya raka ki wurin likita ya yi tambayoyinsa da kansa. Na san biyun da zai fara yi. Ana ɗauka? Ba a ɗauka, ko ta yawu, ko ta kwano, ko ta shimfiɗa. 'Ya'yana za su gada? Irin taki takan bi jini a wasu gidaje, amma mafi yawan 'ya'yan masu farfaɗiya ba sa yin ta. Mutum wajen miliyan 50 ke da ita a duniya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa in sun sami magani daidai. Shekara huɗun nan da kika yi shaida ce kina cikinsu. In maganar aljanu ta taso, ku tuna da baiwar Allah nan da ta zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana farfaɗiya har tufafinta na yayewa, wadda Ibn Abbas ya nuna ya ce ga mace 'yar Aljanna. Da bakinta ta faɗi ciwonta, ba ta ce ciwon kai ba ne.

Wurin zuwa, ki fara da inda katinki yake, don su ke da tarihinki. In hanya ta yi wuya, asibitin tarayya na Birnin Kebbi ya fi kusa da ke, su kuma za su iya tura ki asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na ƙwaƙwalwa da ke Kware. In an ce Kware kada gabanki ya faɗi, na san sunan da mutane ke kiran wurin da shi, amma masu farfaɗiya da hankalinsu garau suna karɓar magani a can. Ki ce musu a fili: ina shan Epilim, na yi aure, ina son haihuwa. Ki nemi a haɗa ki da likitan mata tun yanzu, don in an koma lamotirijin ko Keppra ciki kan rage ƙarfinsu a jini, sai an riƙa daidaita ma'auni yayin da cikin ke girma. Shayarwa kuma ba a hana yawancin masu shan magungunan nan, kada wani ya sa ki yaye jariri a kan jita-jita.

Kafin ranar, ki yi barci isasshe, don irin taki ba abin da ke tsokano ta kamar rashin barci. Ki bar wa wani girki a kan wuta mai ci har sati biyu su wuce da komawarki kan cikakken ma'auni, kada ki je rijiya ko gulbi ke kaɗai, kada ki kulle ƙofar banɗaki ta ciki. Ko ciwon me kike ji kada ki karɓi tiramadol a hannun kowa, yana tayar da jijjiga har ga wanda bai taɓa yi ba. In azumi ya zo kina tsakiyar sauyi, ki tambayi likita yadda za a jera shan tsakanin sahur da buɗa-baki, in ya ce ki ajiye ki rama, ki ajiye.

Uwar miji kuwa ba aikinki ba ne yanzu. In maigida ya fahimta, shi zai san yadda zai ce wa mahaifiyarsa likita ya ce a dakata 'yan watanni, kuma shi zai yanke iya abin da za ta sani. In ta sake cewa "har yanzu shiru?", ki yi murmushi ki ce a taya ku da addu'a.

Ki tafi da kwalin maganin kansa, ba sunansa a ka ba, da tsohon katinki, da takarda da kika rubuta ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe da ranakun biyar ɗin da kika tsallake na safe. Kada ki ɓoye wa likita wannan don kunya. Ki rubuto mini abin da tsinken ya nuna.